Ƙafar Goggo

Ranar da babban yatsan ƙafar Goggo ya daina jin komai, ranar aka kawo wa Darakta akwatin kifi.

Kifin kallo ne, wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa jajaye da ba su kai loma ɗaya ba, suna yawo cikin gilashi da fitilarsu da injin da ke hura musu iska. Mai babur ɗin da ya kawo ya san gidan kamar gidan ubansa. Ba ya ma sallama, sai dai ya danna hon ya ce, "Kayan Darakta!"

Darakta dai ba darakta ba ne. A ofis shi ne mataimakin mai taimaka wa darakta, amma sunan ya yi wa baki tsawo, sai matarsa ta datse shi. Ita kuma Madam ce, wannan da kanta ta raɗa wa kanta. Goggo ƙanwar mahaifinsa ce, ita kaɗai a gidan take amsa sunan da ya dace da ita. Tana kiransa Babana, don sunan mahaifinta ya ci.

Ta same shi a falo ya durƙusa gaban kifin, bakinsa a buɗe kamar nasu.

"Babana, yatsan nan nawa fa ya mutu. Na soka masa allura ban ji ba. Ga maganin sugan nan ya ƙare tun wancan satin."

"Goggo, don Allah ki bar ni in shaƙi iska. Kin san halin da ake ciki a ofis? Rage ma'aikata za a yi. Jiya na kusa da teburina aka sallama. Ni yanzu kaina kamar zai fashe." Ya nuna gilashin da yatsa. "Bincike ya tabbatar kallon kifi yana saukar da hawan jini."

"Na suga fa? In yana saukarwa in jawo tabarma."

Madam ta yi dariya ta hanci. "Goggo ke nan. Akwai abin da ake kira kula da kai, ku a zamaninku ba ku san shi ba."

Ciwon Darakta ke nan, kuma duk gidan an san shi. Wani in hankalinsa ya tashi sai ya kasa cin abinci, wani ya hau matarsa da faɗa. Shi kuwa sai ya sayi abu. In shugabansa ya harare shi, agogo. In mota ta ƙi tashi, tukunya mai magana. Akwai injin gudu da aka kawo bayan wani taro ya yi zafi, ya hau sau ɗaya ya ce gwiwarsa, yanzu Madam ke shanya tawul a kai. Madam ba ta hana shi, don duk odar da ya yi sai ta maƙala tata a gefe, ta ce ai kuɗin kawowa ɗaya ne.

Kaya kuwa sai da wurin ajiya. Falo ba zai yiwu ba, Madam ta gani a waya cewa gidan masu ilimi ba a cika shi da tarkace. Ɗakin Goggo shi ne mara danshi. Aka fara da bayan ƙofa, aka zo ƙarƙashin taga, aka rufe tagar. Da damina ta faɗi, Darakta ya leƙo ya ga kwalaye a ƙasa, ransa ya ɓaci.

"Kwali ba ya son sanyin ƙasa, Goggo. In ya lalace kamfani ba sa karɓar ƙorafi."

Aka ɗora su a kan gado, aka shimfiɗa wa Goggo katifar a ƙasa. Ba wanda ya tambaya ko ƙashin tsohuwa yana son sanyin ƙasa, don ita ba ta zo da takardar kamfani ba.

Kada a zalunci Darakta, yana nadama. Duk ƙarshen wata, in aljihu ya bushe, sai ya zauna ya riƙe kai yana cewa ya cuci kansa. Wata rana ya kalli bidiyon wani mutum mai farar riga yana koyar da yadda ake daina sayen banza. Abin ya ratsa shi ƙwarai, nan take ya yi odar akwatin ƙarfe mai lambobi don ya riƙa tara kuɗi. Kuɗin akwatin su ne na ƙarshe da yake da su, sai aka kai shi ɗakin Goggo babu komai a ciki. Mutumin bidiyon ya kuma ce in abu ya ba ka sha'awa, ka jira kwana ɗaya. Darakta ya riƙe wannan doka gam: yakan biya yau, ya ce wa mai babur ya kawo gobe.

Mutuwar yatsan ta hau tafin ƙafa. Goggo takan taka ƙusa ba ta sani ba sai ta ga jini a siminti. Ta sake samunsa, wannan karon ta jira sai da ya ci ya ƙoshi.

"Babana, ka kai ni asibiti. Ƙafar nan kamar ta aro."

Idonsa ya kawo ruwa. Darakta mutum ne mai tausayi, ba ya iya ganin wahala. Ya tashi ya shige ɗaki da wayarsa, ya rufe ƙofa. Goggo ta ɗauka likita yake kira.

Bayan kwana biyu aka danna hon.

Injin gasa ƙafa ne. Wata roba mai zurfi da igiyar wuta, a zuba ruwa, ita ta ɗumama shi tana jijjiga. A jikin kwalin akwai hoton wata mata tana murmushi kamar an yi mata albishir.

"Wannan ya fi asibiti," in ji Madam. "Asibiti layi za ki bi, a zage ki, a rubuto miki magani. Wannan kuwa kina zaune a gida kamar matar gwamna."

Ranar aka gayyaci Goggo ta zauna a kan farar kujerar falo, karo na farko, bayan an shimfiɗa leda. Madam ta gyara mata ɗankwali, ta ɗauki hoto, ta tura wa dangi da rubutun cewa tsohuwarmu sai gata. Takardar bayanin da wani yare aka rubuta ta, amma Darakta ya ɗaga ta sama ya gyaɗa kai kamar yana fahimta. Ya murɗa maɓallin zafin har ƙarshe.

"Kuɗinmu muka biya, ai sai mu more shi duka."

Madam ta shiga amsa waya. Darakta ya koma ba kifi abinci. Goggo tana zaune tana kallon tururi yana tashi daga tsakanin gwiwoyinta. Ƙafar hagu ta ji zafi ta cire ta tun da wuri. Ta dama kuwa, mai ciwon, shiru.

"Babana, bai isa ba?"

"In ya yi zafi ai za ki ji."

Da aka zo cirewa, fatar ta saɓule kamar ta tumatirin da aka tafasa. Madam ta ƙwalla ihu ta janye kafet.

"Innalillahi! Goggo, me ya sa ba ki yi magana ba?" in ji Darakta.

"Na faɗa maka ba ta ji."

"Cewa kika yi ba ta jin allura. Ba ki ce ba ta jin zafi ba. Ai magana a fili ake yin ta."

Aka shafa mata man da Madam ta saya don fuska bai karɓe ta ba, aka naɗe da tsohon zane. Darakta ya ce ƙuna ce kawai, iska take so. Maganar asibiti sai albashi ya shigo. Albashi ya shigo, ya tarar da masu bin sa cikon kuɗi a bakin ƙofa: mai kifi, mai agogo, mai injin gudu.

Ciwon ya fara ruwa, ya fara wari. Goggo takan kwance zanen da safe ta wanke da ruwan gishiri, tana kau da kai daga ƙafarta kamar ta wani ce. Tsakiyar ya yi rami, gefen ya yi baƙi. Ƙuda suka gano ɗakin.

Warin ya dami Madam, ta ce yana sa mata ciwon kai, ciwon kai kuma yana sa ta damuwa. Sai ta yi odar wani ɗan inji da ake kafawa a bango, yana fesa turare da kansa. Aka kafa shi a saman ƙofar Goggo. Yini guda yana ta tofi, fis, fis, kamar yana tsokanarta. Da hakan bai yi ba, Madam ta ce wa mijinta cikin natsuwa, kamar mai ba da shawara a taro:

"Kwali yana shan wari. In muka tashi sayar da wani abu, wa zai saya?"

Aka fitar da katifar Goggo zuwa lungun da ke tsakanin kicin da ƙofar baya, kusa da bokitin shara. Darakta ya ce nan ma ya fi iska. In ƙawayen Madam sun zo ganin kifi, sai a ja labule.

Zazzaɓi ya shigo. Wata rana da hantsi Yaya ta kira ƙaramar wayar Goggo. Yaya ita ce babbar yayar Darakta, tana aure a nesa, ɗinki take yi. Ta ji Goggo tana magana ba kai ba gindi, tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ta kira ƙaninta ta wanke shi tas. Kafin azahar an sa Goggo a mota, Madam ta shimfiɗa leda a kujerar baya.

Likitan bai ɓata lokaci ba. Ya kwance zanen, ya dubi ƙafar, ya dubi takalmin Darakta mai sheƙi.

"Kai ne ɗanta?"

"Ni ne nake riƙe da ita, likita. Komai nata a wuyana yake."

"To a kwantar da ita yau. Za mu shiga da ita mu kankare abin da ya ruɓe, a sa mata allurai ta jijiya. In baƙin nan ya wuce idon sawu, babu abin da ya rage sai yankewa. Ka je ka biya kuɗin gado da na aiki."

Darakta ya shafa aljihun gaba, ya shafa na baya, ya ce akwai ɗan tsaiko daga banki. Aka mayar da Goggo lungunta. Ya kira Yaya yana shessheƙa. Yaya ta sayar da keken ɗinkinta guda, ta haɗa da 'yan kunnenta, ta turo masa kuɗin ta waya, ta ce gobe-gobe a kai ta.

Goggo ta tashi da sassafe. Ta ja jiki ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau, ta zuba kofi da carbi da sabulu a jaka. Ta rarrafa har bakin ƙofar falo ta zauna, ƙafar a miƙe.

"Zan leƙa ofis in sa hannu in dawo," in ji Darakta. "Kada ki motsa."

Ba ta motsa ba. Rana ta hau, ta tsaya, ta karkata. Inuwar katanga ta zo ta wuce ta. Madam ta tsallake ta sau da yawa, tana cewa sannu Goggo.

A ofis kuwa ranar aka kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Ba a sallami Darakta ba, amma ya daɗe a benci yana jira, kuma shugaban ya yi masa wani kallo. Ya fito ya kamo hanyar gida. A hanya akwai wani shago mai gilashi da sanyin na'ura. Ya ce bari ya shiga ya huce kawai. Wani yaron shagon mai nektai a wuya ya ce, "Yallaɓai, ka gaji. Zauna a nan, gwaji kyauta ne. Ragin farashin yau zai ƙare."

Da la'asar sakaliya aka danna hon. Ba babur ba ne, motar ɗaukar kaya ce. Ƙarti huɗu suka sauko da wata baƙar kujera mai kama da bakin kada, mai matse baya da wuya da ƙafafu. Suka zo ƙofa suka tsaya.

"Tsohuwa, ɗan janye ƙafarki."

Ƙafar ba ta janyuwa da kanta. Goggo ta sa hannu biyu ta ɗaga ta, ta ajiye gefe. Kujera ta wuce.

Darakta ya shigo a bayansu, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Babana, asibitin fa?"

"Goggo, aro na yi, ba ci na yi ba. Albashi na shigowa zan mayar. Ke ba ki san abin da na gani yau ba. In na yanke jiki na faɗi, wa zai riƙe ku? Lafiyata ita ce lafiyar gidan nan. A jirgin sama ma sai ka fara sa wa kanka abin numfashi kafin ka sa wa wani."

Darakta bai taɓa hawa jirgin sama ba. Mutumin bidiyo ne ya hau.

"Kuma kusan rabi aka rage masa," in ji Madam, tana shafa fatar kujerar. "In kin duba da kyau riba aka ci."

Da yamma Yaya ta kira. Goggo ta dubi wayar tana ruri a hannunta. Daga falo ana jin kujera tana gurnani, Darakta yana nishin daɗi. Ta ɗaga.

"An gode, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka. Ana ta magani."

Wa za ta tona wa asiri? Babanta?

Baƙin ya ci tafin ƙafa, ya hau idon sawu, ya wuce. Goggo ta daina kwance zanen. Ta daina roƙo. Abinci in an ajiye mata, ƙuda su riga ta. Darakta ya daina bi ta ƙofar baya, ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, kuma duk ranar da ya hango ta ba da niyya ba, washegari sai an danna hon. Madam ta ce wa wata ƙawarta a waya, a kan kunnen Goggo, "Wallahi jinyar nan ta gama da mu. Kin ga yadda ya rame? Tsofaffi ba sa tausayin masu riƙe su."

Ranar da albashi ya shigo, a sume aka ɗauke ta. Likitan ya ɗaga zanen ya mayar.

"Ina kuka shiga?"

"Ƙaddara ce, likita."

"Sa hannu a nan."

Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Darakta ya kira Yaya ya ce likitocin yanzu ba su da haƙuri, abu kaɗan sai wuƙa.

Goggo ta farfaɗo a wani dogon ɗaki mai gadaje jere, ana ta zuwa dubiya. Ta dubi bargo. Gefe ɗaya tudu har ƙarshe, ɗaya gefen ya tsaya a hanya. Abin mamaki, yanzu ne take jin babban yatsan yana mata ƙaiƙayi.

Sai ga Darakta da Madam, sun sha ado, ƙamshinsu ya riga su isowa. Yana rungume da kwali. Ya gaishe da na gadon dama da na hagu da ƙarfi, don kowa ya shaida. Ya zauna a bakin gado, daidai inda babu ƙafa, don nan ne da wuri.

"Goggo, ga tsarabarki. Tun ranar da likita ya fara maganar nan hankalina ya tashi, na kasa zaune na kasa tsaye, na yi miki oda daga waje. Yau ya iso."

Ya buɗe. Takalmi ne, ƙafa biyu, fata mai laushi, ciki kamar auduga.

"Na masu ciwon suga ne musamman. Yana kare ƙafa daga rauni."

Matar da ke gadon dama ta daina tauna abin da ke bakinta.

"Na tambaya ko za su karɓi ɗaya, sun ce ba a mayarwa," in ji shi. "Amma kin ga niyya ai."

Madam ta ɗauki ɗaya ta juya ƙasansa. "Lah, lambata ce ma."

Goggo ta daɗe tana kallonsa. Ta san wannan fuska tun tana da majina.

"Babana."

"Na'am, Goggo."

"Sa mini na hagun."

Ya durƙusa da sauri ya sa mata, yana waige ko ana gani. Ya yi mata cif.

"Na daman kuma ka tambayi likita inda suka ajiye ta, ka kai mata abinta. Kai ka raka ta har can, ba za ka ɓata hanya ba."

Wani daga ƙarshen gadaje ya ce, "Allah ya isa."

Darakta ya miƙe. Ya dubi Madam.

"Kin ji ko? Bayan duk abin da na kashe."

"Rabu da ita, zafin ciwo ne. Fita ka sha iska, kada jininka ya hau."

Ya fita. Maganar ta yi masa zafi ƙwarai. A bakin ƙofar asibitin akwai wani mutum da ya baje tabarau a kan tebur, baƙaƙe da masu ruwan zinariya, da ɗan madubi a rataye.

Darakta ya tsaya.

"Nawa wannan?"